Masaƙiyar da Ta Saƙa Zanen Kilvarra Sau Biyu

Ƙarfe bakwai na safe Dolina Gillanders take buɗe rumfar da ke bayan gidanta, in ban da ranar Lahadi. Da lokacin sanyi takan jira gari ya waye, wajen ƙarfe tara. Kafin nan ta sha kunu da gishiri a tsaye, ta watsa wa kajinta huɗu tsaba. A rumfar ba ta kunna fitila. Ta ce hasken lantarki ƙarya yake yi wa launi, don haka tagar da ke kallon arewa ita ce fitilarta, in ta dushe aiki ya tashi.

Takan zauna a benci, ta ɗora ƙafa a matakan masaƙa, ta jefa ƙoshiya. Zare take ƙirgawa a bayyane, da Gelik, harshen da ta tashi da shi. Wanda ya bi ta hanyar ya ji muryar zai ɗauka hira take da wani. Babu kowa. Mijinta Torquil ya rasu shekara ashirin da biyu da suka wuce, 'yarta ɗaya tilo tana Kanada. Lokacin ƙuruciyarta masaƙa goma sha ɗaya ke ƙara a Kilvarra. Daga baya sai tata kaɗai. Ƙauyen gida talatin da takwas ne, amma da sanyi tara kawai ke fitar da hayaƙi, sauran na baƙi ne masu zuwa hutu.

Haka take yi har zuwa Juma'ar da ta wuce, ranar da ta rufe rumfar tana da shekara saba'in da shida. Ba a yi taro ba, ba a ba ta allon yabo ba. Yawancin mazan yankin nan sun taɓa ɗaura aikinta a ƙugu, kaɗan ne suka san sunanta. Ga abin da ta yi.

Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, maƙwabcinta Hector Tolmie, mai kiwon tumaki, ya hau tudun da ke bayan ƙauye yankan baƙar lakar fadama, wadda muke shanyawa mu hura wuta da ita. Shebur ɗinsa ya ɗauko wani tsumma. Ya sa shi a ledar burodi ya kawo mata, ba don ya ɗauke shi da muhimmanci ba, sai don ya sami abin tsokana.

"Ke Dolina, ga aikin wata kakarki na tsinto. Da gani ita ma ba ta iya ba."

Ta leƙa cikin ledar. "Cire hannunka."

"Buhu ne fa."

"Buhun gidanku ne ke da gida-gida? Na ce cire hannunka, kana warin tunkiya."

Ƙyallen bai fi faɗin tire ba. Aka kai shi gidan tarihi a Edinburgh, masana suka ce ya haura shekara ɗari biyar, laka ce ta hana shi ruɓewa. Dolina ta rubuta musu wasiƙa uku kafin su yarda ta gan shi. Kwana tara ta yi a gaban teburinsu da gilashin ƙara girma, an hana ta taɓawa, tana ƙirga zare ɗaya bayan ɗaya. Zanen kilt, wato zanen ulu mai ninki da mazanmu ke ɗaurawa ranar biki da ranar jana'iza, ƙidaya ce kawai: zare nawa na wannan launi, nawa na wancan, a tsaye da a kwance, har gidajen su fito. Wanda ya ɓatar da zare biyu ya saƙa wani zane daban.

Ta dawo da ƙidayar a littafi, ta saƙa abin da idonta ya gani: ruwan ƙasa iri uku da baƙi. A rahoton masanan akwai layi ɗaya da ya ce ba a tabbatar da ainihin launin ba. Ta karanta shi, ta wuce. Kowa ma ya wuce.

Zanen ya karɓu. Wata masana'antar saƙa ta kudu ta ɗauki tsarin, ta sa masa sunan ƙauyen, ba nata ba. Angwaye suka riƙa yin aure a cikinsa. Jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa ƙetare suka riƙa aikowa a ɗinka musu. Limamin cocinmu na lokacin har wa'azi ya yi a kai, ya ce a dubi tufar kakanni, mutane masu kamun kai da ba su san ado da fankama ba. Muka ji daɗin hakan. Abin da muke son ji ke nan.

Aka yi shekara ashirin da ɗoriya a haka. Sai wata rana wata matashiyar mai bincike daga gidan tarihin, Rhona Sinclair, ta tuƙo mota awa biyar ta ƙwanƙwasa ƙofar Dolina. An samu na'urar da ke gano rini daga ƙwayar zare, an gwada ƙyallen. Rhona ta ce ba ta so tsohuwar ta fara jin sakamakon a rediyo. Ita ta ba ni labarin zaman da suka yi a kicin.

"Misis Gillanders, ƙidayarki daidai take, ko zare ɗaya ba ki ɓatar ba. Amma launin..."

"Faɗi, yarinya, shayinki na hucewa."

"Ja ne. Ja da kore da rawaya. Ruwan ƙasan duk laka ce ta rina shi."

Dolina ta tashi ta ɗauki farin kofi, ta tara ruwa a famfo, ta ajiye a gaban baƙuwar. Ruwan Kilvarra daga tudun nan yake gangarowa, kalarsa kamar shayin da bai ji ganye ba.

"Duba," in ji ta. "Shekara sittin ina wanke farin zanen gado da ruwan nan, ina zagin sa don yana dafar mini da shi. Butata ta rine, bahona ya rine, ƙafafun tumakin Hector sun rine. Sai aka ba ni ƙyallen da ya yi shekara ɗari biyar kwance a cikinsa, na ce ai haka aka saƙa shi."

"Kowa zai iya yin wannan kuskuren."

"Mutumin Edinburgh zai iya. Ni 'yar Kilvarra ce."

Bayan kwana biyu ta zo ofishin jaridarmu da takarda mai layi huɗu, ta ce a buga. Na ba ta shawarar a ce sabon bincike ya ƙara haske, yadda aka saba faɗa. Ta ce, "Ba haske aka ƙara ba, ɗan nan. Rubuta cewa Dolina Gillanders ta yi kuskure, zanen da ake kira na Kilvarra ba launin mutanen da ba ne, kuma za ta sake saƙa shi." Haka aka buga, a shafi na bakwai. Karo na farko ke nan da sunanta ya fito a jarida tare da na zanen.

Ke ce kika yi wannan, Dolina. Babu wanda ya tuhume ki. Sunanki ma ba ya jikin zanen, da kin yi shiru laifin ba shi da mai shi. Ke kika je kika ce naki ne.

Ƙauyen bai gode mata ba. A taron wata da aka yi a zauren gari, mutum goma sha tara suka halarta, adadin da ba a gani sai ana rigimar filin kiwo. Hector ne ya fara, yana dariya.

"To yanzu so kike mu yarda kakana yana yawo a tudun nan kamar aku? Ja da kore? Ai tumaki ma sai su gudu."

"Kakanka dai da wuya ya mallaki zane, Hector. Na wani mai hankali ne."

Aka yi dariya. Sai Jessie Ann Macrae ta miƙe, dariyar ta tsaya. Ita da Dolina benci ɗaya suka zauna a makaranta, kuma shekara biyu ke nan da rasuwar mijinta.

"A cikin zanen nan na binne Duncan," in ji ta. "Shi ya roƙa. Ya ce a sa masa na kakanninsa. Yanzu kina gaya mini laka na sa masa?"

"Ulu ne mai kyau, Jessie Ann. Da hannuna na saƙa nasa. Ƙidayar tasu ce."

"Launin fa?"

"Launin ba nasu ba ne."

"Da kin bar ni ban sani ba."

Jessie Ann ta ɗauki jakarta ta fita. Shekara tara ke nan, a coci ɗaya suke zama kowace Lahadi, ba ta ƙara gaishe ta ba. Masana'antar ta aiko da wasiƙa mai ladabi, ta ce masu saye sun saba da ruwan ƙasa, ba ta da niyyar canzawa. Masu aiko wa Dolina aikin hannu suka ragu, sannan suka daina. Babu wanda ya nemi sabon zanen. Ta fara shi duk da haka.

A shekara ta uku wani likitan ido a Inverness ya gaya mata tsakiyar ganinta na cinyewa, kuma ba a gyara irin wannan. Ya ce tana da kamar shekara biyar kafin ta daina bambance fuska da launi. Hector kaɗai ya sani, don shi ya kai ta a mota. Ya ce a hanyar dawowa ba ta yi kuka ba, lissafin shekaru kawai take yi da yatsu. Daga ranar abin ya zama tsere tsakaninta da idonta: ko ta gama zanen tana gani, ko ta bar wa Kilvarra kuskure da kuma alƙawarin da ba a cika ba.

Rawaya ba ta ba ta wahala ba, ana samun ta a tohon ciyawar tudu. Kore ma ta same shi, ta tsoma rawaya a shuɗi. Ja ne ya ci shekaru. Gwajin ya nuna saiwar wata ciyawa ce mai rawayan fure da ke fitowa a yashin bakin teku, kuma tun zamanin iyayenmu kwamitin kiwo ya hana tonon ta, domin ita ke riƙe yashin kada iska ta kwashe shi zuwa gonaki. Babu mai gadi a bakin tekun. Dolina ba ta tona ba. Ta tsinci iri, ta ɗebo yashi da baro, ta shuka a bayan gida, ta jira saiwar ta yi kauri. Shekara huɗu, alhali ta san abin da likita ya faɗa.

"Mutane na shuka dankali, ke kina shuka ciyawa," Hector yakan ce ta kan katanga. "In yunwa ta zo kar ki ƙwanƙwasa mini."

"In yunwa ta zo kai zan fara gani a ƙofata da kwano, kamar kullum."

Tukunyar farko ta fito kalar naman kifi. Ta biyu kalar tsatsa. Kowane gwaji takan yanki ɗan zare ta aika wa Rhona a ambulan, Rhona ta gwada ta amsa. Sau ashirin da uku amsar ita ce a'a. Sai Dolina ta daina amfani da ruwan famfo, ta kafa ganga ta tari ruwan sama. Na ashirin da huɗu ya dace.

Amma kafin zaren ya wadata, idon ya riga ya yi nisa. Kore da baƙi sun zama ɗaya a wurinta, ja kuma duhu ne mai ɗan ɗumi, yadda ta kwatanta. Sai ta koma kan yatsa. Ta sa Rhona ta karanta mata launin kowane ƙwarƙwaron zare sau ɗaya, ta ɗaura masa igiya: ƙulli ɗaya ja, biyu kore, uku rawaya, baƙi babu ƙulli. Wadarin da a da take gamawa cikin kwana huɗu ya ɗauke ta mako bakwai. Matar da ke kawo wasiƙa ta ce takan tarar da ita ta karkatar da kai gefe kamar kaza, tana kallon aikin da gefen ido, yatsunta na bin zaren, bakinta na ƙirgawa. Ta ce wata rana ta same ta tana warware yadi ɗaya da rabi, aikin kwana goma sha biyu, saboda ta shafa ta ji jan layi ɗaya ya gaza da zare biyu.

"Anti, wa zai lura?"

"Wadda ta saƙa na farko ba ta ɓatar ba. Ni na riga na yi mata ƙarya sau ɗaya."

Mai ido a yatsa, haka matar take kiranta tun daga ranar. Ban san wani kirari da ya fi wannan dacewa ba, kuma ba zan ƙara wani ba.

Ke ce kika zauna hunturu biyu a rumfar nan da bargo a gwiwa, kina saƙa abin da ba kya gani, wanda kuma ba wanda ya ce yana so. Ke ce kika ƙi kunna fitila har zuwa ƙarshe, ko da yake a lokacin hasken taga da na lantarki duk ɗaya ne a wurinki.

A watan jiya ta yanke zanen daga masaƙa, yadi takwas, daidai kilt ɗaya. Sabon ulu sai an jiƙa shi an buga kafin ya haɗe. A da mata goma sha biyu ke zama kewaye da dogon tebur su yi wannan aikin, suna miƙa wa juna zanen suna waƙa, a ƙare da shayi da gulma. Dolina ta sa nata a baho da ruwan sama, ta riƙe bakin taga, ta tattaka shi da ƙafa ita kaɗai.

Ranar da ya bushe Rhona ta zo da takardunta. Dolina ta aika aka kira Hector. Suka fitar da zanen waje suka shimfiɗa shi a kan katangar dutse, wajen ƙarfe goma na safe, sama a lulluɓe. Ina wurin. Rhona ta bi shi da gilashi da ma'auni kusan rabin awa, ta miƙe ta ce ƙidaya daidai, launi daidai.

"Na gode, yarinya," in ji Dolina. "Amma ke kina da kirki, shi ya sa ba ke zan tambaya ba. Hector, kai ba ka taɓa gaya mini magana mai daɗi ba tunda nake. Me kake gani?"

Hector, mai shekara tamanin da ɗaya, ya jingina da sandarsa ya ja baya taku uku.

"Ja ne."

"Wane irin ja?"

"Kamar an yanka rago a kan ɗanyar ciyawa. Har ido yake ci. Ni dai ko kyauta ba zan ɗaura ba."

"Wa ya roƙe ka? Da waɗannan ƙafafun naka na zalɓe?"

Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ɗaga kai ya kalli tudun da ya tono ƙyallen, wanda babu komai a kansa sai laka da hazo.

"Ashe kakanninmu ba mutanen baƙin rai ba ne," in ji shi.

"A'a," in ji Dolina, tana shafa gefen zanen. "Mu ne."

Ta sa aka naɗe shi aka kai ciki. Yana ajiye a kan kantar ɗakinta cikin farar takarda, ba a ɗinka ba. Har yau babu wanda ya tambaya. Gidan tarihin ya nemi ta ba shi, ta ce zane na ƙugu ne, ba na akwatin gilashi ba, za ta jira.

Mun gode, Dolina Gillanders. Mun gode da kwana tara na ƙidaya, da layi huɗu a shafi na bakwai, da shekara huɗun da kika bar yashin bakin teku a inda yake. Kin rasa aiki, kin rasa ƙawa, kin rasa ido, ba ki nemi kowa ya ce kin kyauta ba. Duk mai sana'a yana kuskure, da marubucin jarida da likita da mai gini. Abin da muke roƙo shi ne wanda ya gano nasa ya yi kamar yadda kika yi: ya faɗa da bakinsa, da sunansa, sannan ya koma benci ya gyara.

Akwai kuma roƙo na biyu, ga masu saƙa da masu son koyo. Littafin ƙidayarta yana nan amma ba ta iya karanta shi. Yadda ake sanin saiwa ta nuna, da zafin da tukunya ke so, da lokacin da ake tsame zare, ba su cikin littafin, suna kanta. Ta ce duk wanda ya zo za ta koya masa. Gidanta shi ne na ƙarshe kafin gada, ƙofar ba a kulle take ba. In ka shiga ka faɗi sunanka da ƙarfi, domin fuskarka ba za ta gane ta ba.